Shekara goma a Durumi da Kuchingoro: har yanzu 'yan gudun hijira ne, ko sun zama 'yan ci-rani?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar masana nake nema. Wata ƙaramar ƙungiya ce a nan Abuja take son haɗa rahoto kan mutanen da rikicin Boko Haram ya koro, waɗanda ke zaune a Durumi da New Kuchingoro da Wassa, akasarinsu mutanen Gwoza. Maganar da ake yawan jefowa ita ce wai wanda ya shekara goma a wuri ya tashi daga ɗan gudun hijira ya koma ɗan ci-rani, don haka ba mai alhakinsa. Tambayata biyu ce. Doka ta yanke wa'adi ne? Sannan yaya ake tattara shaida yadda in an kai rahoton gaban hukuma ba za a yi fatali da shi ba? Masu aikin sa-kai shida ne, kuɗi kuma ba yawa.

Barista_Garki:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Babu wa'adi. Babu shi a Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1998 kan 'yan gudun hijira na cikin gida, babu shi a Yarjejeniyar Kampala ta Tarayyar Afirka ta 2009 kan batun wadda Najeriya ta amince da ita a 2012. Abin da ake dubawa shi ne me ya fitar da mutum daga gidansa, kuma ya samu mafita mai ɗorewa ko bai samu ba. Mafitar uku ce: ya koma gida, ya zama ɗan gari a inda yake, ko a tsugunar da shi a wani wuri dabam. Tsarin da hukumomin agaji na duniya suka fitar a 2010 ya kawo ma'auni takwas: tsaro, abinci da ruwa da matsuguni da asibiti da makaranta, sana'a, dawo masa da gida da gona ko diyyarsu, takardun shaida, haɗuwa da iyalin da gudu ya raba su, damar shiga harkokin jama'a kamar zaɓe, da samun shari'a kan abin da aka yi masa. Ku ɗora rahoton a kan waɗannan takwas.

Sai dai a kula da sashe na 12 na kundin tsarin mulki. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta aiki a kotun Najeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Saboda haka duk yarjejeniyar da za ku ambata, lauyanku ya fara tabbatar da matsayinta. Wadda ba gardama a kanta ita ce Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan'adam, domin tun 1983 ta zama dokar ƙasa, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hakan a shari'ar Abacha da Fawehinmi a 2000. Ku haɗa ta da babi na huɗu na kundin, musamman sashe na 41 da ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a ko'ina a Najeriya, da na 42 da ya hana wariya.

Dan_Area1:
Barista ranka ya daɗe, abin da ke takarda daban, abin da ke ƙasa daban. Duk wanda ya san Area 1 ya san matasan wurin nan acaɓa suke yi, wasu leburanci a wuraren gini, matan kuma wankau da aikatau a gidajen Garki. Akwai ma waɗanda ba su taɓa taka Borno ba, ranar rabon shinkafa ne kawai ake ganinsu a layi. In an ce duk 'yan gudun hijira ne an rufe ido.

Malam_Kididdiga:
@Dan_Area1 rabin maganarka gaskiya ce, kuma rahoton da ya ɓoye ta shi ne wanda za a fara kayarwa. Amma acaɓa ba ta soke matsayin kowa. Wanda aka ƙone wa gida ba a ce ya naɗe hannu yana jiran buhun shinkafa kafin a yarda an kore shi ba. Abin da ake buƙata shi ne a ware mutane da hujja, ga yadda ake yi.

Kada ku ɗauki rajistar shugaban sansani a matsayin ƙidaya. Don rabo aka rubuta ta, kowa kuma ya san abin da rabo ke yi wa lissafi: magidanci ɗaya ya zama uku, wanda ya koma Mararaba tun bara sunansa na nan, sabon zuwa da ba ya ɗasawa da shugabanni kuma babu shi. Ku karɓe ta cikin girmamawa, ku ajiye don kwatance. Ku zana taswirar wurin da hannu, layi-layi, ku sa wa kowace baca lamba da alli a jikin ƙofa. Ku tsayar da ma'anar gida tun farko: waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya. Ƙidayar da asuba ake yinta, kafin ƙarfe bakwai, ko bayan magariba. Wanda ya je da ƙarfe sha ɗaya na rana tsofaffi da yara zai tarar, sai ya rubuta cewa wurin babu maza.

A ce kun samu gida 600. Ba sai kun bi duka ba. Gida 235 sun isa a samu sakamakon da kuskurensa bai wuce kashi biyar cikin ɗari sama ko ƙasa ba, da sharaɗin ƙuri'a ce ta zaɓe su, ko a zuba lambobin a kwano a ɗiba, ko kwamfuta ta zaɓa. In shugaban sansani ne ya nuna muku gidajen da za ku shiga, lissafin ya lalace ko da gida 500 kuka bi. Mutum shida, kowa fom takwas a yini, kwana biyar an gama.

Asali kuma da tambaya ake gane shi: wace mazaɓa, wane ƙauye, wane ne bulamanku, ranar me kasuwarku ke ci, ta wace hanya kuka fito. Mutanen karkara ba sa riƙe kwanan wata na bature, don haka a ɗaure tambayar da abin da suke tunawa. Gwoza ta faɗi a farkon Agustan 2014, 'yan kwanaki bayan ƙaramar sallah, ana tsakiyar damina. Mubi ta faɗi a ƙarshen Oktoba. Wanda ya ce ya gudu Mubi, sannan ya sake gudu zuwa Yola wajen lokacin girbi, labarinsa ya hau kan tarihi. Ɗan layin shinkafa ba ya wuce tambaya ta uku.

Anti_Saratu:
Na yarda da Malam, amma fom ba ya ɗaukar cin zarafi. Wannan sai hira ta zaune, kuma a nan ake yawan ɓarna. Hira talatin zuwa arba'in masu zurfi sun fi ɗari biyu na gaggawa.

Kafin a buɗe littafi a gaya wa mutum su wane ne ku, ina rahoton zai je, cewa ba ku raba komai, cewa yana iya ƙin amsa kowace tambaya ko ya tashi a tsakiya. Amincewar a rarraba ta: ya yarda a rubuta, ya yarda a naɗi murya, ya yarda a sa maganarsa a rahoto ba suna, ya yarda a miƙa wa hukuma ko kotu. Abu huɗu ne daban-daban, mutum yana iya yarda da biyu ya ƙi biyu. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa a naɗi amincewarsa da baki, domin dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke ciki ba tsoro take ƙara masa.

Bangon baca buhu ne da leda da tsohon kwano, maƙwabci yana jin tarin maƙwabcinsa. Ba a yin irin wannan hira a ciki. A nemi aji a makaranta bayan an tashi, ko ɗaki a asibitin unguwa. Mace ta yi hira da mace. Gwoza kuma ƙasa ce mai yaruka da yawa, Glavda, Mandara, Guduf, Mafa da sauransu. Hausa ta wadatar da yawanci, amma tsofaffin mata da dama sai da tafinta. Kada tafintan ya zama ɗan sansanin, balle ɗan'uwan shugaba, in ba haka ba kafin la'asar kowa ya ji. Kuma a gaya masa ya fassara abin da aka faɗa, kada ya gyara, kada ya taƙaita.

Tambaya a buɗe: "Me ya faru daga nan?" Ba "Sojoji ne suka dake ki, ko?" ba. Duk abin da aka faɗa a rubuta gefensa, ta gani da idonta ne ko gaya mata aka yi, wa ya gaya mata. Hira kada ta wuce awa ɗaya, mai tambaya kuma kada ya wuce uku a yini, domin daga ta huɗu kunnensa ya toshe. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 ku bar su, tunda ba ku da wanda ya samu horo a kan haka.

Abu mafi muhimmanci, kada a fara sai kuna da jerin inda za ku tura mutum. In mace ta ce an yi mata fyaɗe shekaranjiya, maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, na hana ɗaukar ciki cikin awa 120. A nan rahoto ya jira, asibiti ne gaba.

Kawu_Nyanya:
Anti, ban gamsu da "ba ku raba komai" ba. Lebura ya bar aikin yini ya zauna yana ba ku labarin yadda aka yanka ɗan'uwansa, ku tashi ku bar shi da na gode? Ku kuma rahoton ya kawo muku tallafi daga waje. Wannan ai ci da gumin talaka ne.

Anti_Saratu:
Kawu, zafin da kake ji daidai ne, amma da zarar an ji cewa mai labari mai tsanani yana samun kuɗi, gobe kowa labarinsa ya yi tsanani, lauyan gwamnati kuma da tambaya ɗaya zai rushe shaidar: nawa aka ba ka? Abin da ake yi shi ne a sa hirar lokacin da ba ta cin aikin mutum, da yamma ko ranar hutunsa, a ba da ruwa da abin taɓawa, a biya kuɗin mota daidai wa daida ga kowa, wanda ya yi magana da wanda ya fasa, sannan a rubuta hakan ɓaro-ɓaro a babin da ke bayanin yadda aka yi binciken.

Kawu_Nyanya:
To ku koma ku karanta musu rahoton da Hausa kafin ku kai otal ku ƙaddamar. Ko wannan ma zai ɓata shaida?

Anti_Saratu:
Wannan kam wajibi ne, Kawu. A nan ma suke kama kurakuran sunayen ƙauyuka.

Injiniya_Bash:
Ta ɓangaren waya da kwamfuta. Fom ɗin ku yi shi a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, tana aiki ba intanet, sai an dawo a tura. Kada a sa suna a fom, a sa lamba. Takardar da ta haɗa lamba da suna guda ɗaya tak, a wurin mutum ɗaya, ba a cikin wayar da ake shiga sansani da ita ba. Wayar aiki ta kasance da kalmar sirri, ba zanen yatsa kaɗai ba, a kwashe muryoyi kullum da dare a goge daga wayar.

Hoto ko bidiyo da wani ya ce yana da shi, kada ya turo ta WhatsApp yadda aka saba. Yana matse fayil ɗin, yana share bayanan da ke ɓoye a ciki kamar ranar ɗauka da irin wayar. A kwafa da kebul daga wayar da ta ɗauka, ko a turo a matsayin fayil. Ainihin kwafin a kulle shi kada a taɓa, a yi aiki da na biyu. A riƙe littafi: wa ya ba da shi, yaushe, wa ya karɓa, hannun wa ya bi. Ƙa'idojin Berkeley na 2020, kan tattara shaida daga intanet, sun yi bayanin wannan dalla-dalla. Hoton da aka tsinto a Facebook kuwa a fara binciken asalinsa a Google ko TinEye, domin hotunan wasu ƙasashe sun sha yawo da sunan Borno ko Filato. Hoto ɗaya na bogi ya isa a ce rahoton duka ƙarya ne. Ku tuna kuma dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta hau kanku: addini da lafiya da ƙabila suna cikin bayanan da ta tsananta a kansu.

Dan_Farin_Gada:
Ku mutanen Abuja naku da sauƙi, mutanenku suna wuri ɗaya ana iya sa musu alli a ƙofa. A Filato wanda aka kora daga Mangu a 2023, ko daga ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a jajiberin Kirsimetin shekarar, sati biyu ko uku yake yi a firamare ko coci ko masallaci, sannan ya watse cikin gidajen dangi. Makiyayin da aka ƙone wa ruga kuma ba ya zuwa firamare ma, daji yake kora abin da ya rage masa zuwa Bauchi ko Nasarawa, ba mai rubuta shi. Mai ƙidaya a sansani kaɗai ya bar mafi yawa a waje.

Adadin mamata kuma shi ne babban tarko. Kowane ɓangare nasa yake ƙirgawa. Hanyar da ke tsayawa ita ce jerin sunaye: suna, sunan uba, shekaru, ƙauye, inda aka binne, wa ya yi wanka ko ya tsaya a jana'iza. A karɓo daga mai unguwa, daga liman, daga fasto, daga arɗo, daga asibiti, a jera su a cire maimaici, domin mutum ɗaya yakan fito da sunan yanka a wannan takarda da laƙabi a waccan. Abin da aka tabbatar ta majiya biyu da ba su haɗa hanya ba, shi ake rubutawa da "aƙalla". Rumbunan bayanai irin su ACLED da Nigeria Watch suna da amfani don ganin yadda rikici ke hawa da sauka, amma jarida ce babbar majiyarsu, inda ɗan jarida bai je ba da wuya ya fito. Tawagar bincike kuma dole ta haɗa Musulmi da Kirista, in ba haka ba rabin ƙauyukan ba za su buɗe baki ba, rabin masu karatu ba za su yarda ba.

Rubutu dai ba shi ne ya yi ƙaranci a Jos ba. An yi kwamitocin binciken rikici: na Fiberesima a 1994, na Niki Tobi bayan Satumban 2001, na Bola Ajibola bayan Nuwamban 2008. Aiwatarwa ce matsalar.

Admin_Zaure:
A yi hattara, kada maganar Filato ta koma wa ya fara. Duk wanda ya zagi ƙabila ko addini zan cire saƙonsa. A ci gaba.

Daliba_Hauwa:
Barista, don Allah ƙarin haske. An koya mana cewa haramun ne a mayar da ɗan gudun hijira inda ransa ke cikin haɗari. Wannan ya shafi mutanen Durumi in aka ce a kwashe su zuwa Gwoza?

Barista_Garki:
'Yata, abin da aka koya muku sashe na 33 ne na yarjejeniyar Geneva ta 1951, kuma wanda ya tsallaka iyakar ƙasa yake karewa. Misalinsa a garin nan ya faru. A Janairun 2018 aka kama Sisiku Ayuk Tabe, jagoran 'yan awaren yankin Ingilishi na Kamaru, da abokansa a wani otal a Abuja, aka miƙa mutum 47 ga Kamaru, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ta yi tir, Babbar Kotun Tarayya kuma a Maris 2019 ta ce mayar da su ya saɓa wa doka. Hukunci ya fito, mutanen dai suna can. Ta ɗaya gefen ma an yi mana: a 2017 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta ce Kamaru ta tilasta wa 'yan Najeriya kimanin 100,000 dawowa tun daga 2015, kuma hakan bai tsaya ba duk da yarjejeniyar da Najeriya da Kamaru da UNHCR suka sa wa hannu a Maris 2017.

Na cikin gida kariyarsu a wani wuri take, amma ma'anar ɗaya ce. Ƙa'ida ta 15 a Ƙa'idojin 1998 da sashe na 9 na Kampala sun ba su 'yancin neman mafaka a wani yanki na ƙasarsu, sun kuma hana a tilasta musu komawa inda rai ko lafiya ke cikin haɗari. @Maman_Ilham ku sa tambaya a fom: kun taɓa tsallakawa Kamaru? Mutanen ƙauyukan bayan dutsen Gwoza da yawa ta can suka bi, wasu har sansanin Minawao. Wanda ya dawo daga can bai isa ƙauyensa ba yana da tarihi biyu, kuma duka suna ƙarƙashin hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa, wadda aka kafa da doka ta 52 ta 1989, dokar 2022 kuma ta sa na cikin gida a aikinta ƙarara.

Yerwa_Boy:
Ni dai ina ganin ana zaluntar gwamnatin Borno a irin waɗannan rahotanni. Gwamna Zulum ya ce a rufe sansanonin Maiduguri kafin ƙarshen 2021, aka yi ta surutu. To har yaushe manomi zai zauna a tanti yana jiran katin abinci? An gina gidaje, an ba da jari. Yaran da suka tashi a sansani ba su san riƙon fartanya ba. Na Abuja ma su koma, Gwoza tun Maris 2015 take hannun soja.

Malam_Kididdiga:
@Yerwa_Boy ba wanda ya ce sansani alheri ne. Abin da mai bincike ke aunawa shi ne ko komawar da son rai aka yi, kuma wannan yana aunuwa. An gaya wa mutum halin da ƙauyensa ke ciki kafin ya hau mota? An bar wakilansu sun je sun gani sun dawo? Akwai zaɓi na biyu ga wanda ya ce a'a? An yanke abinci kafin ya amsa? In an yanke, amsarsa ba zaɓi ba ce. Sannan ina aka kai shi, ƙauyensa ko hedikwatar ƙaramar hukuma a bayan ramin tsaro? Kilomita nawa ake bari ya fita noma? Garin Gwoza yana hannun soja, haka ne, amma a ranar 29 ga Yunin 2024 'yan ƙunar baƙin wake sun tashi bama-bamai a cikin garin, har da wurin biki. Wanda ya ce yana tsoro ba shaci-faɗi yake yi ba. Kuma "Gwoza" a bakin mutumin Durumi sau da yawa Ngoshe yake nufi ko Attagara ko wani ƙauye a bayan dutse, don haka a tambayi halin ƙauyen da sunansa.

Yerwa_Boy:
To ku rubuta har da waɗanda suka koma suka ji daɗi. Suna nan.

Nas_Rakiya:
A kan halin zama, kada a rubuta "babu ruwa, babu banɗaki". Jami'i zai nuna rijiyar burtsatse ɗaya ya ce ƙarya ne. A auna. Ma'aunin Sphere, wanda ƙungiyoyin agaji na duniya ke bi: aƙalla lita 15 ga kowane mutum a yini, masai ɗaya ga mutum 20, murabba'in mita uku da rabi na ɗaki ga kowane mutum, wurin ɗiban ruwa kada ya wuce mita 500. Ruwa a tambayi uwargida jarka nawa ta shigo gidan jiya, ta ɗebo ko ta saya wurin 'yan ga-ruwa, a duba jarkar ta lita 20 ce ko 25, a raba da yawan mutanen gidan. Jarka uku ta lita 20 a gidan mutum takwas lita bakwai da rabi ke nan kowa, rabin ma'auni. Masai a ƙirga wanda ake shiga kawai, wanda ya cika ko ƙofarsa ta ɓalle ba ya cikin lissafi, a kuma duba yana kulluwa ta ciki, da fitila ko babu, domin wannan ne ke sa mata riƙe fitsari har gari ya waye. Ɗaki kuma tef ɗin tela ya isa a auna shi.

Alhaji_Wuse:
Akwai abin da duk kuka tsallake, kuma shi ya fi tsorata mutanen wurin. Waɗannan matsugunai ba gwamnati ta kafa su ba. A kan filaye suke, wasu fulotan da aka riga aka ba wa masu su, ƙasar Abuja kuma gaba ɗaya a hannun gwamnatin tarayya take. Rahoton da ya yi ƙara sosai yana iya jawo motar rusau maimakon motar agaji. In an yi shiru an manta da su, in an yi magana an tuna cewa filin na wani ne. Gaba kura, baya sayaki.

Barista_Garki:
Alhaji ya taɓo inda ke ciwo. Shi ya sa ba a fara da 'yan jarida. Taswirar da Malam ya ce a zana ta zauna a ofis, kada ta shiga rahoto, haka lambar fuloti da hoton da ke nuna ginin da ke maƙwabtaka. Kafin a wallafa a zauna da shugabanninsu, maza daban mata daban, a gaya musu haɗarin, su faɗi abin da suke so a cire. Lauya kuma ya shirya takardun neman umarnin dakatarwa tun kafin a buƙace su, da mutum biyu ko uku da suka amince su rantse. Dokokin aiwatar da haƙƙin ɗan'adam na 2009 sun ba ƙungiya damar shigar da ƙara a madadin wasu, kuma ba a cewa lokaci ya wuce. Hujja kan tashin mutane da ƙarfi tana nan a hukuncin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Afirka na 2001 kan Ogoni, ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2007 kuma sun ce a ba da sanarwar aƙalla kwana 90 kafin a sauya wa jama'a matsuguni.

Jerin matakai, a ganina: wasiƙar neman bayani ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 zuwa NEMA da hukumar 'yan gudun hijira da hukumar agajin gaggawa ta Abuja. Kada a rubuta "muna neman bayani kan 'yan gudun hijira", a nemi takarda takamaimai: kwafin rajista, jerin kayan da aka raba daga wata kaza zuwa wata kaza. Kwana bakwai suke da shi, suna iya ƙara bakwai, in sun ƙi kuna da kwana 30 ku je kotu. Kwafin da aka buga wa hatimin karɓa shi ne makaminku, kada ɗan aike ya dawo ba shi. Sannan a aika wa duk wanda rahoton ya zarga taƙaitaccen abin da aka samu, a ba shi sati biyu ya mayar da martani, a buga martanin ko a rubuta cewa bai amsa ba. Daga nan Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam a Maitama, wadda gyaran dokarta na 2010 ya sa ake iya neman kotu ta tilasta aiwatar da hukuncinta. Kotun ECOWAS ma a garin nan take, tun 2005 tana sauraron ƙarar ɗaiɗaikun mutane ba sai sun gama da kotunan gida ba. Samun hukunci a can ya fi sauƙi a kan samun wanda zai bi shi.

Dan_Area1:
Duk na ji. Amma ku amsa min wannan. In kun gama ƙuri'arku, kashi mai yawa suka ce ko an samu zaman lafiya ba za su koma ba, Abuja ta fi musu. Ba maganata ta fito ba?

Anti_Saratu:
Ba ta fito ba, ƙanina. Ka koma saƙon Barista na farko, zama a inda ake ɗaya ne daga mafita ukun, kuma mutum ne ke zaɓa. Yaron da aka haifa a Durumi a 2015 bai taɓa ganin dutsen Gwoza ba, amma ranar da zai nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati za a ce ya kawo takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumar da ubansa ya gudo. A nan rahoton zai yi amfani: gida nawa ke da takardar haihuwar yara, manya nawa ke da NIN, nawa suka mayar da katin zaɓensu Abuja, yara nawa ke makarantar gwamnati ba ta masu sa-kai ba. Ranar da waɗannan suka yi daidai da na talakan Garki, a daina kiransu 'yan gudun hijira, ba wanda zai yi musu.

Dan_Area1:
Talakan Garki ma ai ba shi da su.

Maman_Ilham:
Allah ya saka da alheri. Mun tsara fom, tambayar ƙarshe ita ce "Kana son komawa gida? E ko a'a." Ta yi?

Malam_Kididdiga:
Ba ta yi ba, Hajiya. Kusan kowa zai ce e, domin kunya ce mutum ya ce ba ya son garinsu, wasu kuma za su ce a'a don tsoron kada fom ɗin ya zama na kwashe mutane. A raba ta uku. Cikin wata goma sha biyu masu zuwa me ka yi niyya: komawa, zama a nan, tafiya wani wuri, ko ban yanke ba. Sai me kake buƙatar gani kafin ka koma, a bar shi ya faɗa da bakinsa, kada a karanta masa zaɓi. Sai a ina kake samun labarin ƙauyenku, kuma yaushe rabonka da ji. A tambayi miji daban, mata daban, domin amsar tana yawan bambanta a gida ɗaya. Ku gwada fom ɗin a gida goma da ba su faɗa cikin ƙuri'a ba kafin ku fara, ku turo nan mu ga tambayoyin da suka sa mutane yin shiru.